Fil a Cikin Farin Hankici

Ba zan taɓa mantawa ba, ko da tsufa zai kai ni inda zan riƙa neman hulata tana bisa kaina, da yammacin Lahadin da na fara zuwa gaida mahaifin Hajara. Har yau in ina tuƙi na ɗora hannu a kan sandar giya, sai in ji kunnuwana sun ɗau zafi.

A shekarun nan da wayar hannu ta fara shigowa Jos, ina da ɗan shago a Kwararafa inda nake ba da hayar littattafan soyayya. Na kafa wa kaina doka cewa ba littafin da zai fita shagon sai na karanta shi, wai don in san abin da nake ba mutane. (Ƙarya nake. Daɗinsu nake ji.) Saboda haka kaina cike yake taf da yadda saurayi ya kamata ya kasance. Na san yadda yake fitowa daga mota, ƙamshi ya riga shi sauka. Na san yadda yake tuƙi da hannu ɗaya. Na san irin kallon da yake yi wa sararin sama kafin ya faɗi magana mai nauyi, har nakan gwada a madubin aski.

Mota kuwa ina da ita. Gadonta na ci daga kawuna, ta girme ni nesa ba kusa ba, kuma launinta na asali sai dai a tambayi dattawan unguwa. Na sa mata suna Gimbiya. Injinta lafiya lau, matsalarta ɗaya ce: sandar giya. Sandar nan ta saki jiki gaba ɗaya. Ka tura ta gaba ta tafi, ka tura ta gefe ta tafi, ka sake ta ta yi ta rawa ita kaɗai. Neman lamba ɗaya kamar neman ashana ne a ɗakin da aka ɗauke wuta, sai ka lalubo, ka yi addu'a, sannan ka ji "ƙurrr" kafin ta shiga.

Hajara tana karatun aikin jinya, takan biyo shagona ta ɗauki littafi. Ita kaɗai ce mai dawo da littafi ta haɗa da ƙorafi. "Malam, su mutanen cikin littafin nan ba sa zuwa aiki ne? Tun shafin farko suke kallon juna." Ni kuwa tun daga wannan tambayar na san na faɗa.

Wata rana cikin damina, ruwan Jos ɗin nan mai sanyi da ke sauka ba sallama ya tsare ta a bakin titi ita da gwaggonta. Na tsaya na ɗauke su. Suka zauna a baya, kan wani tsohon bargo da nake shimfiɗawa don rufe yagewar kujera. Zuciyata fes, ga ruwa, ga mota, ga Hajara, daidai yadda ake rubutawa. Sai muka zo hawa, na shiga neman giya. Na juya sandar nan hagu, na juya dama, motocin baya suna ta hon. Gwaggo ta leƙo ta kafaɗata ta ce, "Ɗan nan, miya kake motsawa ne?"

Hajara ta rufe baki da gyale. Ta madubi nake ganin kafaɗunta suna rawa.

Bayan wannan da 'yan makonni ta zo shago, ba ta ɗauki littafi ba. Ta tsaya tana wasa da bakin gyalenta ta ce, "Baba ya ce ka zo ranar Lahadi bayan la'asar, yana son ganinka."

Na tashi tsaye, na zauna, na sake tashi. Wannan ce ranar da za a ce mini in turo manyana, ko a ce mini in ci gaba da hayar littafi.

"Amma fa Malam," ta ce, "Baba tsohon direban babbar mota ne, tun zamanin haƙar kuza. Yana zaune a ƙofar gida yake jin mota tana hawowa, ya ce wannan mai natsuwa ne, wannan kuma mai gaggawa ne. Daga sautin giya yake gane mutum."

Daga sautin giya! Da za a auna ni da sautin giyar Gimbiya, ai ko akuya ba za a ba ni kiwo ba. (Kada ka ce me ya hana ni hawa acaɓa. Na karanta littattafai sun fi a ƙirga, ban taɓa ganin inda saurayi ya je gidan surukai a bayan acaɓa yana riƙe da hula ba.)

Na rufe shago na nufi Tina Junction wajen Oga Pam, bakaniken da ya san Gimbiya tun tana hannun kawu. Ya kama sandar giyar ya kaɗa ta sau ɗaya ya fashe da dariya.

"Malam Soyayya, motarka shi ba shi da ciwo. Bushin ne ya mutu."

Ya nuna mini da hannu. Ashe tsakanin sandar giya da giyabos akwai wasu rodi a ƙarƙashin mota, kuma a kowace mahaɗa akwai ɗan zoben roba da ke riƙe ƙarfe da ƙarfe kada su yi sako-sako. Shi ne bushin. Idan ya cinye, sai ka tura sanda amma saƙon bai isa giyabos ba.

"To a canza yanzu, Oga."

"Yanzu ina? Ka ga mota na jirana, ƙanwata yana aure gobe a ƙauye. Litinin ka zo."

"Litinin an riga an yanke mini hukunci!"

Ya dube ni, ya gane. Ya shiga cikin akwatin kayansa ya ɗebo sababbin bushin guda uku, farare tas kamar alewa, ya zuba mini a tafi. "Kai ma za ka iya, ba wahala. Ka jiƙa shi a ruwan zafi ya yi laushi, ka shafa giris, ka matsa da filaya. Abin da ka cire, ka mayar da shi inda ka same shi. Shi ke nan. Amma abeg, kar ka karanta littafi a ƙarƙashin mota."

Ranar Asabar da hantsi na ɗaga Gimbiya a kan jak a ƙofar gidanmu, na tokare ta da duwatsu. Na ciro bargon nan na kujerar baya na shimfiɗa a ƙasa don kada sanyin ƙasa ya kama ni. Na ari butar shayin Inna na tafasa ruwa na zuba bushin a ciki. Inna ta leƙo ta ce, "Yau kuma roba za a sha?"

Na shige ƙarƙashin mota, ina jin kaina kamar jarumin da ya shiga kogo don ceto masoyiyarsa. Mahaɗa biyu na farko ba su ba ni wuya ba. Wani bakanike na da can ya ɗaure su da waya, na warware, rodin ya fito. Tsohon bushin ɗin ya marmashe a hannuna kamar busasshen ƙosai, ɗayan ma babu shi gaba ɗaya, sai wani tsumma da aka cusa a gurbinsa. Ta ukun ce ta ɓuya can sama kusa da giyabos, inda ido ba ya kaiwa, sai dai hannu ya lalubo. Na ja ta ƙi. Na sa sukundireba na ɓanɓara da ƙarfi. Sai na ji wani abu ya yi "tsing", tsatsa ta zubo mini a ido, rodin ya fito. Na ce alhamdulillahi, na goge ido, ban ƙara tunanin "tsing" ɗin ba.

Na tsamo sababbin da cokali suna tururi, na shafa giris, na matsa da filaya. Na farko ya yi tsalle ya faɗa kwata, na bi shi na wanko. Na biyu ya cije mini yatsa. Amma ɗaya bayan ɗaya suka zauna, kowanne da ɗan sautinsa mai daɗi, "ƙwal". Na mayar da rodi, na ɗaure biyun nan da wayarsu yadda na same su. Ta ukun kuwa ta shiga ta kama tsam, ko motsi ba ta yi. Ban ga waya a kanta ba tun farko, don haka na ce haka Allah ya yi ta.

Na sauke mota na shiga na taka kuloci. Na tura sanda.

Ƙwas.

Jama'a, lamba ɗaya! Ba lalube, ba addu'a, ba "ƙurrr". Na jawo baya, ƙwas, lamba biyu. Na yi ihu ni kaɗai a cikin mota. Na zagaya Kwararafa ina canza giya ko babu dalili, ina ɗaga wa mutanen da ban sani ba hannu. Mai shayin bakin layinmu ya ce, "An yi maka albishir da kujerar Makka ne?" Na ce abin da ya fi haka kusa.

Da na dawo na ɗaga bargon zan kakkaɓe, sai wani ɗan abu ya faɗo. Siririn ƙarfe ne da aka lanƙwasa gida biyu, ƙafa ɗaya miƙaƙƙiya, ɗayar da 'yan lauje-lauje, tsawonsa bai kai ɗan yatsa ba. Na ɗauka na juya shi. Fil ne. Irin wanda mata ke maƙale gashi da shi.

Zuciyata ta buga. Wace mace ce ta zauna a kan bargon nan? (Gwaggo ma ta zauna, amma zuciya ba ta kawo mini gwaggo ba.) Ashe ranar ruwan nan fil ya zame daga gashin Hajara ya ɓuya a bargona, yana jiran wannan rana. Ni da ko silin gashinta ban taɓa gani ba, nan take na hango shi baƙi wuluk har gadon baya. Baƙin maiƙon da ke jikin fil ɗin kuwa na ce man kitso ne ya haɗu da ƙura.

Na wanke shi da sabulu. Na goge shi da toka har ya yi ƙyalli. Na fesa masa turaren da nake ɓoyo don sallah, na naɗe shi a sabon farin hankici, na sa a aljihun gaba, saitin zuciya. Har jawabin da zan yi na tsara.

Lahadi na sha farar shadda mai sitaci, hula ta zauna a karkace kaɗan. Gidansu Hajara yana can wajen Naraguta, a ƙarshen wata hanya mai duwatsu da hawa. Gimbiya ta yi ta tsalle a kan duwatsun nan, amma giya kam sai ƙwas, ƙwas. Daga nesa na hango dattawa uku a kan tabarma gindin bishiyar mangwaro. Na sauko daga uku zuwa biyu a hankali, ba ko tari. Na ga na tsakiyar, mai farin gemu da faffaɗar kafaɗa, ya ɗago kai ya saurara. Shi ne Baba Sale, mahaifinta. Na tsayar da mota tana fuskantarsu, na fito yadda aka koya mini a littafi, sai dai ƙofar ta ƙi rufuwa sai da na sa gwiwa.

Na cire takalmi na durƙusa na gaishe su. Baba Sale ya tambayi sunan mahaifina, da unguwarmu, da sana'ata. Da na ce hayar littafi, ɗaya daga cikin abokansa, wani mai nauyin ji, ya ce, "Hayar me?" Aka maimaita masa da ƙarfi. Baba Sale ya dubi motar ya dube ni ya ce, "To, mun gan ka. Shiga zaure ku gaisa." Ba e, ba a'a. Na shiga da zuciya a rataye.

Hajara ta fito ta tsaya daga bakin ƙofa. Na dubi rufin zaure (babu sararin sama a wurin), na ciro hankicin da hannu biyu.

"Hajara, akwai abin da ya bar jikinki ranar da ruwa ya haɗa mu. Ya kwana a wurina, amma bai taɓa zama nawa ba. Yau na dawo da shi gida."

Ta buɗe. Ta daɗe tana kallonsa. Ta kai hanci, ta ɗan yamutsa fuska.

"Malam, ni fa kitso gare ni."

"Na sani, na sani," na ce, don ban shirya amsar wannan ba. "Ki riƙe shi dai."

"To. Na gode."

Na fito ina jin kamar ƙafata ba ta taɓa ƙasa. Na yi wa dattawa sallama, na shiga mota. Na san idon Baba Sale yana kaina, na kuma san akwai wani idon a bayan labulen zaure. Na taka kuloci na sa ribas, ƙwas. A ƙarƙashin mota na ji wani ɗan "ƙararas", na ce dutse ne. Na ja da baya a hankali har na samu filin juyawa. Na tura sanda zuwa lamba ɗaya, ta tafi sumul, ba ko cijewa. Na ce kai, giyar nan har laushi ta ƙara! Na fito da hannu ta taga na ɗaga musu, na taka totur da ƙarfin hali.

Gimbiya ta zabura baya.

Na taka birki. Na murmusa wa dattawa. Na jawo sanda, na sake turawa, na saki kuloci. Baya. Na gwada lamba biyu. Baya. Sandar tana yawo a hannuna kamar ludayi a kwanon koko, ni kuwa ina ta nisa da su, fuskata tana kallonsu, murmushin ya bushe a kan haƙorana. Na ji dattijo na ukun ya ce, "Kai, yaron akwai ladabi. Ba ya son ya juya mana baya."

A gwaji na ƙarshe ƙafata ta zame daga kuloci. Gimbiya ta yi tsalle ta afka cikin shingen ƙerana na gonar maƙwabciyarsu, wata dattijuwa da ake kira Ngo Kaneng, injin ya mutu a nan. Ngo ta fito da fartanya a hannu tana cewa, "Wayyo kabejina! Wane ne wannan ya zo da baya kamar ƙaguwa?"

Kafin in fito, layin ya cika. Aka turo motar daga cikin shinge. Baba Sale ya cire babbar rigarsa ya miƙa wa abokinsa, ya durƙusa, ya zura dogon hannunsa ƙarƙashin mota. Ya lalubo rodin yana lilo.

"Bushin sabo ne. Wa ya sa?"

"Ni ne, Baba."

"Da kanka?"

"Da kaina."

"Ya zauna daidai kuwa." Zuciyata ta ɗan ɗago. "To ina fil ɗin?"

"Wane... fil, Baba?"

"Wanda ke kulle rodin kada ya zame. Ɗan siriri ne, kamar haka." Ya sa yatsa ya zana a jar ƙasa: ƙafa ɗaya miƙaƙƙiya, ɗayar da 'yan lauje-lauje.

Na kalli zanen nan. Zanen ya kalle ni. "Tsing" ɗin jiya ya dawo mini a kunne kamar an buga ƙararrawa. Na roƙi Allah ya sa ɗaya daga cikin tsofaffin ramukan kuza ya buɗe a ƙarƙashina.

"Wataƙila nan kusa ya faɗi," in ji Baba Sale. Sai ga dattawa sun sunkuya suna duba ƙasa. Ngo Kaneng ta ajiye fartanya tana tona ciyawa. Ni ma (Allah ya yafe mini) na sunkuya ina nema.

Sai na ji takun silifa. Hajara ce, kanta a ƙasa, ta zo ta durƙusa gefen mahaifinta ta miƙa farin hankici.

"Baba, ko wannan ne?"

Ya warware. Fil ɗin ya yi ƙyalli a rana. Ƙamshin turaren sallata ya tashi ya cika wurin. Baba Sale ya kai shi hanci, ya sake kaiwa.

"Shi ne. A ina kika samu?"

Muryarta can ƙasa, tana rawa, ba kuwa don kuka ba. "Malam ne ya kawo mini. Ya ce daga gashina ya faɗo."

"Me ta ce?" in ji mai nauyin ji.

"TA CE YA BA TA ƘARFEN GIYA, WAI NA GASHINTA NE!"

Ban san dariya tana da nauyi ba sai ranar. Ngo Kaneng ta zauna daɓas a ƙasa tana share hawaye. Hajara ta ruga cikin gida. Baba Sale kaɗai ne bai yi dariya ba, amma gemunsa yana motsi. Ya miƙo mini fil ɗin.

"Ungo. Kai ka fara aikin, kai za ka ƙarasa."

Na kwanta da farar shaddata a cikin jar lakar damina na shige ƙarƙashin Gimbiya. Wallahi ban taɓa jin daɗin wuri kamar wurin nan ba, don ba mai ganin fuskata. Na mayar da rodi cikin bushin, na lalubo ɗan ramin da ban san da shi ba jiya, na tura fil ya shige, ƙyat. Aiki ya ƙare, amma na ƙi fitowa. Na kwanta ina kallon ƙafafun mutane, ina tunanin ko zan iya zama a nan har su watse, ko har in tsufa.

Sai na ga gwiwoyi sun sauko, sannan farin gemu ya leƙo.

"Ya shiga?"

"Ya shiga, Baba."

"To me kake jira?"

Na ƙura wa giyabos ido.

Ya rage murya yadda ni kaɗai zan ji. "Na ja mota har ƙarfina ya ƙare, na ga direbobi iri-iri. Ban taɓa ganin wanda ya wanke ƙarfe ya fesa masa turare ba. Hankalinka dai sai a hankali. Amma na ji hawowarka ɗazu, hannunka ba ya gaggawa. Kuma da ka zaci abin nata ne, ba ka wulaƙanta shi ba." Ya ɗan yi tari. "Ka turo manyanka. Kafin nan ka zo ka dasa wa Ngo shingenta."

Na ɗago da sauri don in yi godiya, goshina ya daki giyabos.

Na koma gida ranar da ƙulu a goshi, bayana ja wur kamar an yi birgima da ni, ina canza giya ƙwas, ƙwas, ina waƙa da ƙarfi har Kwararafa. Shingen ma na dasa shi, ruwan ƙerana ya sa hannuna ƙaiƙayi har sati ya zagayo. Oga Pam kuwa da labari ya kai masa, sai da ya rufe gareji ya zo shagona takanas don ya yi dariyar a gabana.

Abin da na koya ba shi da yawa. In ka gama gyara ka ga wani abu ya rage a kan bargo, na motar ne. Kada ka tambayi zuciyarka, ba ta san giya ba.

Littattafan kuwa ban daina karantawa ba, Hajara ma ba ta daina ƙorafi a kansu ba. Sai dai har yau, da 'ya'yanmu da komai, in muna tafiya ta hango tsohon noti a bakin titi, sai ta taɓa ni ta ce, "Malam, ɗauko mini. Ina jin ɗan kunnena ne."